Saniya da Yunwa: Malamai Biyu na Mai Dogon Zango a Kan Keke

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Na yarda da haka, amma ba kowace tafiya ba. Wanda ya shiga mota daga Legas zuwa Kano ya yi barci rabin hanya, abin da ya ƙaru da shi bai wuce ciwon baya ba. Shi ya sa nake son mu ɗan dubi wasu mutane da suka zaɓi su ratsa ƙasashe a kan keke, kayansu ɗaure a baya.

Irin waɗannan mutane ba yau suka fara ba. Wani Bajamushe mai suna Heinz Stücke ya bar gida a kan keke a shekarar 1962, ya shafe fiye da shekara 50 yana zagaya duniya. A shekarar 2003 kuma aka fara wata tafiya ta ayari daga Alƙahira zuwa Cape Town, mai nisan fiye da kilomita 10,000, wadda ta ɗauki kimanin wata huɗu. Mai karatu zai zaci idan irin waɗannan suka haɗu a zango, hirarsu ba za ta wuce ta manyan birane da tsaunuka ba. Ina! Sau da yawa sai ka ji wannan yana ba da labarin bijimin da ya tare masa hanya, wancan kuma yana alfahari da yawan abincin da ya share a zama ɗaya. Wasu za su ce shirme ne. Ni kuwa a ganina, a cikin wannan hira darasin tafiyar yake.

Mu fara da saniya. Direban mota hon kawai yake dannawa ya wuce. Mai keke ba shi da ƙarfen da zai kāre shi, dole ya san halin dabbar da ke gabansa. Idanun saniya a gefen kai suke, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, sai dai abin da ke bayanta daidai. Keke kuwa ba ya ƙara. Saboda haka wanda ya ɓullo mata ta baya da gudu zai firgita ta, garken kuma ya watse. Ba jan launi ke tunzura ta ba, kamar yadda ake faɗa, motsi ne na ba-zata. Mafi haɗari kuma ita ce saniya mai ɗan maraƙi.

Kada a ɗauka abin wasa ne. A shekarar 2014, a yankin Tirol na ƙasar Ostiriya, shanu sun kashe wata Bajamushiya da ke tafiya a ƙasa tare da karenta. Maganar ta kai kotu, kuma a 2019 hukumomin ƙasar suka fitar da ƙa'idoji goma na yadda baƙo zai bi ta wurin kiwo. Abin da ƙa'idojin suka ƙunsa, duk yaron da ya tashi a ruga ya san shi: ka rage gudu, ka ba da tazara, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta. A nan gida ma, inda titi ya ratsa burtali, dabara ita ce ka taka birki, ka sauka, ka yi wa makiyayi sallama, ka jira. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai malami na biyu, wato yunwa. Babban mutum yana buƙatar kalori 2,000 zuwa 2,500 a yini. Wanda ya wuni yana taka feda da kaya kuwa yana iya ƙona ninki biyu na wannan. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka ba ya wuce kamar awa biyu idan aiki ya yi tsanani, daga nan sai ƙafa ta mutu, ido ya fara ganin duhu. Don haka idan ka ga mai keke ya tashi da malmala uku ta tuwo yana neman ƙari, kada ka ce masa acici. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin lura shi ne, da wuya mai keke ya ɗauki abincin mako guda. Tilas matafiyi ya tsaya wurin mai ƙosai, da mai shayi, da mai fura da nono. Tilas ya yi gaisuwa, ya tambayi farashi, ya yi godiya. Ka ga ke nan saniyar da ta tsayar da shi da safe, nononta ne zai tashe shi da rana.

Ga dalilin da ya sa abin ya dame ni. A yau da wuya ka ji an ambaci shanu a ƙasar nan ba tare da an haɗa da rikici ba. Da yawa daga cikinmu ɗalibai ba mu taɓa tsayawa mun gaisa da makiyayi ba, kuma ƙauye ta tagar mota muka san shi. Mu da muke nazarin Hausa, musamman irina da ba da ita aka haife mu ba, ina za mu ji harshen a bakin masu shi idan ba mu sauka mun zauna a benci ɗaya da su ba?

Na san za a ce hanyoyinmu babu tsaro, ga manyan motoci, ga raini da ake yi wa mai keke cewa talaka ne. Maganar tsaro gaskiya ce, ban kuma ce kowa ya kama hanyar daji ba. Amma tafiyar kilomita 30 da rana, cikin ayari, zuwa ƙauyen da aka sani, bayan an nemi shawarar mutanen wurin, ba ta fi ƙarfinmu ba. Raini kuwa ba ya fasa taya.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu gwada ko sau ɗaya a hutun da ke tafe, ko da keken aro ne. A riƙe ruwa da kayan faci, a kuma tanadi kuɗin abinci fiye da yadda ake zato. Gani ya kori ji.