Labo na cikin madafar inna

Ƙanena yana CM2. Ran nan na tarar da shi yana haddar « l'évaporation » kamar mai tilawa. Na ce, to me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi? Ya yi tsuru. Kalmar na bakinsa, abin kuwa ga shi a tsakar gida, bai gane shi ba.

Da ka yi magana sai a ce ai lakwal babu labo, babu kuɗi. Ban yarda ba, ƴan'uwa. Na jiƙa zoɓo, na raba kofi biyu. Ya matsa lemun tsami a ɗaya, ya ƙara ja. Ya zuba ruwan kanwa a ɗayan, ya rikiɗe kore-kore. Ko dala ashirin ba mu kashe ba. Yaron da ba ya buɗe baki a aji sai ga tambaya: toka fa? Sabulu fa? Da Hausa ya yi ta, ba wanda ya ce masa « répète ».

Jami'armu sunan Abdu Mumuni gare ta, masanin da ya sa hasken rana ɗumama ruwa a Yamai. Hutu na tafe, ƙannenmu na gida. Wa muke jira, mushe da aji ya cika masa maƙil?