Wasan "wa ya yi kisan?" a tsakar gida: wanne ya dace da mu?

Unguwar Plateau ta birnin Yamai wuri ne na ma'aikatun gwamnati da ofisoshin ƙungiyoyi, da gidaje masu faɗin fili da inuwar itatuwa. Da rana cike take da motoci, amma da an yi sallar isha'i sai ta yi tsit, kowa ya shige gida ya duƙufa kan wayarsa. Miji yana kan Facebook, matarsa tana kan WhatsApp, yara suna kan TikTok, dukansu a falo ɗaya amma babu mai duban fuskar wani. Saboda haka nake goyon bayan duk wanda ya ce zai tara ƴan'uwa da abokai a gidansa a yi wasa, ko lido ne, ko belot, ko dara irin ta iyayenmu.

Yanzu kuma ga wani wasan da matasanmu ke gani a intanet, wasu kuma sun yi shi a can inda suka yi karatu. Ana ƙirƙiro labarin kisan kai, a raba wa baƙi matsayi, kowa ya zama wanda ake zargi, a yi ta bincike har a gano mai laifi. Masu jin Faransanci suna ce masa soirée enquête. Ra'ayina shi ne a yi, domin yana wasa ƙwaƙwalwa, yana kuma sa mutane su yi magana da juna. Amma ba kowane irinsa ne ya dace da gidajenmu ba. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: idan aka yi wa wani zargin ƙarya a cikin wasan, wa ke ɗaukar asarar, mai zargin ko wanda aka zarga?

Bari mu fara da mafi tsufa a cikinsu, wato Cluedo. Wani Bature mai suna Anthony Pratt ne ya ƙirƙiro shi a birnin Bamingam na Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, kamfanin Waddingtons kuma ya fitar da shi kasuwa a 1949. Akwai mutum shida da ake zargi, da makamai shida, da ɗakuna tara. Ana zare kati ɗaya daga kowane rukuni a ɓoye a ambulan, a raba sauran ga masu wasa. Ke nan amsa ɗaya ce daidai a cikin amsoshi 324. Idan ka ce kana zaton wane ne, da makami kaza, a ɗaki kaza, wanda ke riƙe da ɗaya daga cikin katunan nan zai nuna maka a asirce, kai kuma ka soke shi daga lissafinka. Abin da ya fi burge ni shi ne hukuncin ƙarshe. Zato kana iya yin sa sau nawa ka ga dama, amma tuhuma sau ɗaya ce. In ka tuhuma, ka buɗe ambulan ka ga ba haka ba ne, to damarka ta cin wasan ta ƙare. Mai gaggawar nuna yatsa shi ke kwana ciki.

Na biyu shi ne wanda ya fi saurin shiga ran matasa, domin ba ya buƙatar allo kuma yana ɗaukar mutane da yawa. Asalinsa wasan Mafia ne, wanda Dmitry Davidoff ya ƙirƙira a 1986 a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Mosko. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci an fi sanin sa da sunan Les Loups-garous de Thiercelieux, wanda Philippe des Pallières da Hervé Marly suka fitar a 2001, na mutum 8 zuwa 18. Ƙauye ne da ke da wasu mutane masu rikiɗa su zama kyarkeci cikin dare. Kowa ya rufe ido, su kuma su zaɓi wanda za su cinye. Da gari ya waye sai mutanen ƙauye su yi muhawara, su kaɗa ƙuri'a a kan wanda suke zato, a kashe shi. Sai bayan an kashe shi ake buɗe katinsa a ga ko mai laifi ne ko ba ruwansa. Sau da yawa ba ruwansa, kuma waɗanda suka ingiza jama'a a kansa suna nan zaune, ana ci gaba da wasa.

A ƙasar Faransa wannan tatsuniya ce ta zamanin da ya wuce. A wurinmu fa? Ka cire kalmar kyarkeci ka sa "maye", ko mutumin da ake cewa yana rikiɗa ya zama kura, sai ka ga labarin ya dawo gida. Kowa ya san tsohuwar da aka ƙaurace wa a unguwa don wani yaro ya kira sunanta cikin zafin zazzaɓi. Kowa ya san abin da ke biyo bayan ihun "ɓarawo!" a kasuwa kafin ƴan sanda su iso. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo a Najeriya, taron jama'a sun kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don bikin Sallah, bisa zargin cewa masu garkuwa da mutane ne. Babu alƙali, babu shaida, sai zato da yawan murya. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba.

Na san abin da masu son wannan wasa za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce ai darasin ke nan: wasan yana nuna yadda ƴan tsirarun da suka san juna ke juya taron da ba su san komai ba, kuma wanda ya yi shi sau uku zai fara tsoron bin yawa. Na yarda, amma da sharaɗi. Wannan darasi yana fitowa ne idan sa'o'i ne manya suka yi wasan, aka kuma zauna bayan an gama aka tambayi juna, me ya sa muka kashe wane? Saboda ya yi shiru? Saboda ya yi dariya? A fadar samari, inda ake shan shayi kowa ya san halin kowa, ba ni da ja. Amma a gidan da ke da yara ƴan shekara goma, abin da yaro zai ɗauka shi ne cewa mai ƙarfin baki ne ke da gaskiya, kuma idan mutane suka taru a kanka ka gama yawo. Ba na son wannan ya zama abin da ɗana zai koya a kan tabarmar gidanmu.

Na uku shi ne wanda ake sayarwa a kwali ko a sauke daga intanet, inda kowane baƙo ke karɓar ɗan littafi mai bayanin ko shi wane ne, da asirin da yake ɓoyewa, da abin da ya sani game da sauran. Kamfanin Decipher na Amurka ya yi suna da jerin How to Host a Murder, na mutum takwas, kuma a ƙasar Sin irin wannan wasa da suke kira jubensha har shaguna ake buɗe masa. Tsarinsa yana da kyau, domin hujja ce ke kai ka ga amsa. Matsalarsa kayan cikinsa ne. An rubuta yawancinsu ne don wata al'umma daban: liyafar giya, gado da ake faɗa a kansa, da matar wane da ke neman mijin wance. Ka yi tunanin ka miƙa wa matar yayanka takarda mai cewa ita ce farkar mamacin, ta karanta a gaban mijinta da ƙannensa. Ko ka sa ƙaninka ya tuhumi surukinsa da kisa, mutumin da ko sunansa ba ya iya kira. Wasan zai ƙare da ƙarfe goma sha ɗaya, amma maganar za ta kai wata shida tana yawo a dangi.

Akwai kuma batun kisan kansa. Yamai tana tsakiyar jihar Tillaberi ne, kuma shekaru ke nan ana kawo labarin rasuwar sojoji da fararen hula daga can. Idan ka tara mutum goma a falonka, da wuya a rasa wanda ya yi zaman makoki saboda wannan. Gawa a ƙasa da jan fenti a riga ba abin dariya ba ne a wurinsa. Wasu za su ce in babu gawa babu armashi, su kawo misalin littattafan Agatha Christie. Ni kuwa ina ganin abin da ke riƙe mai karatu a littattafan nan shi ne tambaya da warwararta. Mu ma muna da namu gadon: wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san yadda labarin ɓarayi da shari'a da dabara ke hana mutum ajiye littafi.

Don haka shawarata ga mai gida ko uwargida ita ce, in mutanenku ba su wuce shida ba, ku nemi Cluedo. In sun fi haka, ku rubuta naku, kuma ku mai da kisan ya zama ɓacewar wani abu. Ragon layya ya ɓace daren jajibirin Sallah. Ko kuɗin adashe sun yi ƙafa daga jakar uwar adashe ranar kwasa. Ko sarƙar zinariya ta ɓata daga cikin lefe kafin a kai shi gidan amarya. Duk wanda ya girma a nan ya san irin tashin hankalin da ɗaya daga cikin waɗannan ke jawowa, ba sai an yi masa bayani ba.

Rubutawar ba ta da wuya. Ka fara daga ƙarshe: wa ya ɗauka, da ƙarfe nawa, don me. Sannan ka ba kowane ɗan wasa abu uku a takardarsa: inda ya ce yake a lokacin, ƙaramin asirin da ba ya son a sani wanda bai shafi satar ba, da abu ɗaya da ya gani ko ya ji game da wani. Tela ya ce yana shago, alhali ya je kallon ƙwallo ya bar ɗinkin Sallah. Ɗan kabu-kabu ya ga mota a ƙofar baya amma bai ga direba ba. Ka tabbata akwai hujja uku da in an haɗa su mutum ɗaya kaɗai suke nunawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma aikinka ne ka gina ramin yadda zai ƙure. Sai ka ara dokar Cluedo: kowa ya rubuta tuhumarsa sau ɗaya tare da dalilinsa, wanda ya faɗi suna daidai ba tare da dalili ba bai ci ba. Haka yake ma a gaban alƙali, wanda ya kawo ƙara shi ke kawo shaida.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya, musamman ga mazauna Plateau da makamantanta: kada mai laifin ya zama mai gadi, ko direba, ko ƴar aiki. A gidajen masu hali, da cokali ya ɓace su ake fara kallo, kuma sau da yawa daga baya a tsinci abin a ƙarƙashin kujera ba tare da an ba su haƙuri ba. Suna jin abin da ake yi a falo, yaran gidan ma suna ji. Ka sa ɓarawon ragon ya zama Alhajin da ya fi kowa babbar riga, ko maƙwabcin da ya fi kowa nuna damuwa. Haka kuma kada a jingina laifin ga ƙabila. Muna da wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. Wannan wasa yana da ƙa'idarsa, kuma masu shi sun san iyakarsa. In Bagobiri da Bazabarme suna wurin za su yi abinsu da kansu, ba sai takarda ta ce wane ɓarawo ne don asalinsa ba. A raba matsayi ta hanyar ƙuri'a, kowa ya zari takardarsa daga cikin ƙwarya.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne da ke gyara zama ko ɓata shi. A fara bayan isha'i, kada a wuce awa biyu, domin mai komawa Harobanda sai ya tsallaka gada, mai zuwa Talladje ko Wadata shi ma yana da tafiya. Lokacin sanyi, Disamba da Janairu, ya fi daɗin zama a tsakar gida, don a zafin Afrilu babu mai haƙurin bin hujja. A rubuta komai a takarda, a tanadi tocila, kada ɗaukewar wuta ko katsewar intanet ta tsayar da wasa, wayoyi kuma a tara su wuri ɗaya. A duba harshe: in akwai wanda Faransancinsa bai yi ƙarfi ba, a yi da Hausa ko Zabarmanci, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu takardarsa a keɓe. Dattijon gida a ba shi kujerar alƙali, ya saurari kowa ya yanke hukunci, ta haka babu wanda zai tuhume shi, kuma ba a bar shi a gefe ba. In wani ya ce ba ya son ya faɗi abin da ba gaskiya ba ko da a wasa ne, a ba shi aikin mai bincike, wanda tambaya kawai yake yi. Kada a sa kuɗi, don kada nishaɗi ya koma caca. Ƙullin kilishi ya isa kyauta, ga dambu da zogale, ga zoɓo mai sanyi, ga shayi hawa uku.

Wasa yana koyarwa ko da ba a yi niyya ba. Yaron da ya saba jin ana tambaya "ina hujjarka?" kafin a kira sunan wani, wata rana yana iya zama mutum ɗaya da zai tsaya a kasuwa ya ce a dakata, a kira hukuma. Irin wannan mutum muke da ƙarancinsa, kuma in har zaman awa biyu a tsakar gida zai taimaka a samu ƙarinsa, to ya cancanci a ɓata maraice guda ana rubuta labarin ragon da ya ɓace.