Uncle Tupelo: Sun Yi Shuka, Wasu Suka Girbe

A makon jiya wani ɗalibina ya ce da ni: "Malam, mawaƙin da bai yi kasuwa ba, ai bai iya ba ne." Ban yarda da shi ba, kuma hujjata tana garin Belleville na jihar Illinois a Amurka, kusa da birnin St. Louis.

A can ne samari uku, Jay Farrar da Jeff Tweedy da Mike Heidorn, suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Uncle Tupelo a 1987. Sun taso a yankin da masana'antu ke ta rufewa, matasa na zaman kashe wando. Wannan rayuwa ita suka zuba cikin waƙoƙinsu: rashin aiki, shaye-shaye da ƙuncin ƙaramin gari. Abin da ya bambanta su shi ne yadda suka gauraya kiɗan rok mai zafi da tsofaffin waƙoƙin karkara na manoma da masu haƙar kwal, waɗanda sa'o'insu ke ɗauka kayan tsofaffi ne.

Faifansu na farko, No Depression, ya fito a 1990, sunansa kuma aro ne daga wata waƙar iyalan Carter ta shekarun 1930. A 1991 Nirvana suka girgiza kasuwa, kamfanoni suka bazama neman duk mai jita mai ƙara. Nan ne Uncle Tupelo suka yi abin da ɗan kasuwa zai kira wauta. Suka ajiye jitar lantarki, suka tafi Athens ta jihar Georgia, inda Peter Buck na ƙungiyar R.E.M. ya jagorance su suka naɗi faifai cikin kwana biyar. Kwanakin aikin ne ma sunansa: March 16–20, 1992.

Ƙaramin kamfanin da ya buga faifansu uku na farko bai biya su haƙƙinsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da suka koma babban kamfanin Sire suka fitar da Anodyne a 1993, sai saɓani ya yi tsanani tsakanin Farrar da Tweedy. Ranar 1 ga Mayu, 1994 suka yi wasansu na ƙarshe a St. Louis, ba tare da ko waƙa ɗaya tasu ta mamaye gidajen rediyon ƙasar ba.

To, mai karatu, dubi abin da ya biyo baya. A 1995 aka kafa mujalla mai suna No Depression, har sunan ya zama laƙabin salon baki ɗaya. Farrar ya kafa Son Volt, Tweedy ya kafa Wilco, wadda ta ci kyautar Grammy a 2005. Sai da suka shiga kotu kafin faya-fayensu na farko su dawo hannunsu, aka sake buga su a 2003.

Ba ina cewa talauci shaidar gwaninta ba ne. Akwai dubban ƙungiyoyin da suka ɓace saboda ba su da abin faɗa. Matsayina shi ne, kasuwa tana auna abin da mutane suka saya a bana ne kawai. Ba ta da mudun auna wanda ya buɗe hanyar da wasu za su bi shekara talatin. Wannan aikin masu nazari ne, kuma idan muka miƙa shi ga alƙaluman ciniki, tarihi zai zama jerin sunayen masu sa'a.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Samarin nan sun yi sa'a sun rayu har suka ƙwato aikinsu. Duk matashin da za a miƙa wa takardar yarjejeniya, ya fara tambaya: bayan shekara goma, wa zai mallaki muryata?

Na ba ɗalibin nan faifan 1992 ya saurara. Ina jiran hukuncinsa.