Hukuma sai rarrashi, maƙwabci sai caji ofis?

A watan Yuni na 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, motocin rusau suka dira a sassan birnin Kano, ciki har da shagunan da aka gina a filin Idi na Ƙofar Mata. Gwamnati ta ce filin na al'umma ne, an raba shi ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan ba su tsaya ga kuka ba. Sun haɗu a ƙungiya guda, suka ɗauki lauya. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnati ta biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, darasin a fili yake: hukuma ma tana amsa sammaci. Sai dai mazauna biranenmu sun saba yin abin a baibai. Idan jami'an tsara birni suka shafa jan fenti a katangar mutum, sai ya ce hukuma sai rarrashi, ya shiga neman wanda ya san wani. Idan kuwa maƙwabci ne ya juyo masa indararo, ko ya ci taku ɗaya na iyaka, kafin la'asar maganar ta kai caji ofis. Inda ya kamata a yi hanzari ana jan ƙafa, inda ya kamata a bi a hankali ana gaggawa.

Rigima da hukuma rigima ce ta takarda da lokaci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda maslahar jama'a. Amma dokar ta gindaya sharaɗi: sai an ba mai haƙƙin sanarwa a rubuce. Sashe na 29 ya tanadi diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka, ba a kan darajar filin a kasuwa ba, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya hana karɓe dukiya ba tare da bin doka da biyan diyya ba. A nan lauya yake da rana: ya duba ko sanarwar ta inganta, ya tattara takardar mallaka da izinin gini da rasidan harajin ƙasa, ya nemi umarnin kotu na dakatar da rusau tun ginin yana tsaye. Wasu ƙararrakin ma dokar kare jami'an gwamnati ta ba su wa'adin wata uku kacal. Wanda ya ɓata wannan lokaci yana zarya a gidajen manya, zai iya zuwa kotu ya tarar ƙofa ta rufe.

Rigima da maƙwabci kuwa wani abu ne daban, domin bayan hukunci za a ci gaba da haɗuwa a sahu ɗaya a masallaci, da wurin suna da jana'iza. Kotunan Najeriya sun sha nanata cewa rikicin fili ba hurumin 'yan sanda ba ne, amma har yau ana kwana a bayan kanta saboda magudanar ruwa. Alhali fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a ke aiki da shi ya daɗe da tsara hukuncin cutar da maƙwabci, tun daga tagar da ke leƙa tsakar gida har zuwa hayaƙi da ruwan kwata. Akwai mai unguwa da dagaci, akwai kuma cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Kano. Lauyan kirki a nan ba mai zuga ba ne. Aikinsa ya kawo mai awon fili, ya zaunar da ɓangarorin, ya rubuta abin da aka amince da shi, domin sulhun fatar baki kan mutu tare da dattawan da suka shaida shi, ya bar magada da shari'a.

Za a ce lauya sai mai kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, ba ta isa ko'ina ba. Amma 'yan kasuwar Ƙofar Mata sun nuna mafita: hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ƙungiyar unguwa da ke iya tara kuɗin gyaran taransifoma da albashin 'yan sintiri za ta iya riƙe lauya guda, ya duba takardun gidajen layin tun ana zaman lafiya. Kuɗin wannan dubawa bai kai na bulo ɗari ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: duk gidan da takardarsa ke da rauni, gara mai shi ya sani yau, kafin jan fenti ya sanar da shi.