Kafin a sayi sabon fok, a auna lanƙwasarsa

A hanyoyin Tasawa da Mayahi, keke ne jakin ɗan kasuwa da malamin makaranta. Daga Maijirgi zuwa Korgom, daga Kanambakashe zuwa bakin Gulbin Kaba, buhun wake ko jarkar mai ake ɗora masa, rairayi da rami su yi ta dukan ƙafar gaba har fok ya tsage. Tun karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994 mutane suka saba da gyaran tsoho maimakon sayen sabo. Sai dai yawancin masu sayen fok tsawo kaɗai suke dubawa, su manta da lanƙwasa.

Fok ba miƙaƙƙe ba ne. Ƙafafunsa biyu suna karkata gaba, ta yadda bakin da ke riƙe da ƙafar keke ya wuce layin wuyan fok da ƴan santimita. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix, masu taya inci 28, lanƙwasarsu babba ce. Kekunan gwanjo na Turai kuwa galibi santimita 4 zuwa 5 ne. Idan aka sa wa Phoenix fok mai ƙaramar lanƙwasa, kan keken ya yi nauyi, ya riƙa faɗawa gefe a tafiyar sannu, wataƙila ma yatsun mahayi su taɓa taya wajen kwana. Idan ta yi yawa, kai ya yi rawa, musamman da kaya a baya. Wanda ya faɗi da tiren ƙwai a gangare ya san bambancin.

Awon ba ya bukatar injin. A kwantar da wuyan fok bisa bulo mai shafaffen kai, wani ya danne shi, bakunan suna kallon sama. A auna daga daɓe zuwa tsakiyar baki. A juya fok ɗin, bakunan su kalli ƙasa, a sake aunawa. Rabin bambancin shi ne lanƙwasar: in an sami 26 da 14, to santimita 6 ke nan. Daɓen siminti ake so, ba ƙasar tsakar gida ba.

Amma akwai tarko. Fok ɗin da ya ci karo ya riga ya koma baya, awonsa ƙarya zai faɗa. Gara a auna na lafiyayyen keke irinsa wurin mai gyara, a rubuta a takarda, a ba mai zuwa Maraɗi ko Katsina. A haɗa da kaurin wuya, don akwai na milimita 25,4 akwai na 28,6, kuma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya. Mai kanti da wuya ya karɓi fok ɗin da aka riga aka yanke wa wuya.