A daina ɗora wa uwa laifin haihuwar ƴaƴa mata

A Filinge da faɗin ƙasar Kurfai, ana goranta wa matar da ta jera ƴaƴa mata, har a yi mata kishiya. Wannan zalunci ne. Ƙwan mace kullum alamar gado iri ɗaya yake ɗauke da ita, wato X. Maniyyin miji ne ke zuwa da X ko Y, kuma in Y ta shiga ƙwan, namiji za a haifa. Tun 1905 Nettie Stevens ta Amurka ta gano tushen wannan. Wasu za su ce haihuwa ta Allah ce, bai dace a tona ba. Lalle ta Allah ce, to don me ake tuhumar baiwar Allah? Mijin ma ba shi da ikon zaɓi. Ya kamata ungozomomin Filinge su riƙa zaunar da mazaje suna yi musu wannan bayani.