Raddi Ga Masu Cewa Dokokin Rauta Sun Wadatar Wajen Tsaro

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama wurin wasu masu kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta, cewa wanda ya tsara ACL da kyau a kan rauta, wato na'urar da ke rarraba bayanai tsakanin hanyoyi, ba ya bukatar katangar tsaro. ACL dai jerin dokoki ne da na'ura ke bi daga sama zuwa ƙasa, tana gwada kowane ƙunshin bayanai da su, kuma dokar farko da ta dace da shi ita ke yanke hukunci, ko izini ko hani, ba a duba na ƙasanta.

Hujjarsu ta farko ita ce, a na'urorin Cisco akwai ɓoyayyen hani a ƙarshen kowane jeri, saboda haka abin da ba a halatta ba ya haramta. Wannan gaskiya ne, sai dai hanin ba ya isa ga abin da wata doka ta riga ta ba shi hanya, kuma duk mai shafin intanet tilas ya buɗe ƙofa ta 443, alhali jerin yana ganin adireshi da lambar ƙofar ne kawai, bai san abin da aka ƙunso ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin sun ce umarnin established yana bambanta amsar abin da aka nema daga kutsen da ba a gayyata ba. A nan ne suka yi tuntuɓe. Umarnin ba ya tuna wata tattaunawa da ta gabata, iyakarsa duba ko ƙunshin TCP yana ɗauke da alamar ACK ko RST, alamomin da mahari zai iya sanyawa da kansa. Ga UDP kuwa, wanda amsoshin DNS ke bi daga ƙofa ta 53, umarnin ba ya aiki ko kaɗan. Katanga mai riƙe lissafi tana ajiye bayanin kowace tattaunawa da aka fara daga ciki, tana ƙin amsar da ba ta da tambaya.

Sai dogaro da adireshin mai aikawa, wanda shi kaɗai jerin ACL masu lamba 1 zuwa 99 ke dubawa. Adireshi abin jabuntawa ne, shi ya sa takardar RFC 2827 ta shekarar 2000 ta nemi kamfanonin intanet su tace na bogi tun daga tushe.

Abin da aka sallama musu shi ne sauri. Ambaliyar bayanan hari da ta faɗa wa shafin GitHub a Fabrairun 2018, mai ƙarfin tirabit 1.35 a daƙiƙa, ta fito ne daga sabobin Memcached ta ƙofar UDP 11211, kuma irin wannan hari, layi guda na hani ke tace shi, muddin an ɗora shi a wurin kamfanin intanet tun kafin hanyar ta cika.